KADA YUNWA TA SA MU CI NAMAN JUNA

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa daga cikin matasa masu hidima ya gabatar a zaman ta'alim na bayan sallar Magariba a garin Zuru, jihar Kebbi. Mun rubuto shi daga muryar da aka naɗa, muka ɗan taƙaita saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Malamaina da iyayena da ke wannan wuri, ina neman izininku. 'Yan uwana matasa, Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ba malami ba ne, ɗalibi ne kamarku. Da yawanku tare muka zauna a kan tabarma ɗaya muka karanta Ahalari. An umurce ni ne da in yi tunatarwa a kan kiyaye harshe a wannan lokaci na tsanani, kuma na amsa ne domin ni ma ina da tabo a wannan babi, kamar yadda za ku ji in an jima. Saboda haka kaina nake fara yi wa wa'azi kafin ku.

HALIN DA MUKE CIKI

'Yan uwa, babu wanda zan ba labarin halin da ake ciki, kowa a jikinsa yake ji. Amma bari mu tuna yadda abin ya biyo, don mu san a kan me muke magana.

A farkon shekarar 2023 aka yi canjin kuɗi, mutum yana da kuɗinsa a banki amma ya kwana da yunwa don babu takardar Naira a hannu. Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce N1,000. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. An mai da mafi ƙarancin albashi N70,000 a watan Yulin 2024, alhali a lokacin wannan kuɗin bai sayen buhun shinkafa. Da farashin hatsi ya sauko a 2025, sai manomi kuma ya shiga nasa kukan, domin ya sayi taki da tsada, ya zo ya sayar da amfani da araha.

Wannan na ƙasa ne baki ɗaya. To mu nan ƙasar Zuru muna da namu ƙarin. Masarautar nan ƙananan hukumomi huɗu ce: Zuru, Danko/Wasagu, Sakaba da Fakai, kuma dukanmu da noma muka dogara. Sai ga shi 'yan bindiga sun raba mutane da gonakinsu. Ba mu manta da watan Maris na 2022 ba, da aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe sama da mutum 60. Ba mu manta da ranar 17 ga Nuwamba, 2025 ba, da aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga aka kwashi ɗalibai 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Mutumin da a da yake da rumbu biyu, uku, yana fitar da zakka, yau shi ne yake raɓe a kangon wani a cikin gari, shi da matansa da 'ya'yansa.

To a irin wannan hali, saurayin da ba shi da aiki, ba shi da gona, ba shi da jari, me ya rage masa? Majalisa. Ya tashi da safe ya zauna a teburin mai shayi, rana ta yi ya koma gindin bishiya, dare ya yi ya buɗe waya. Komai ya yi tsada, magana ce kawai ta rage kyauta. Kuma zuciyar da ke cike da ɓacin rai sai ta nemi inda za ta huce. Wanda ya jawo tsadar yana nesa, hannunka bai kai gare shi. Sai ka juyo kan na kusa, wanda shi ma yunwar nan ce take cin sa. Wane ya yi sabuwar riga, ina ya samu? Wane an ba shi rabon kayan tallafi, ai ya ɓoye rabi. Matar wane kullum tana fita, ina take zuwa? Wannan shi ne abin da nake kira cin naman juna.

Ba ni na ƙirƙiro wannan suna ba. A Suratul Hujurat, aya ta 12, Allah (T) ya hana mu yawan zato, ya hana mu bin diddigin juna, ya hana mu giba, sannan ya kamanta mai giba da mai cin naman ɗan'uwansa bayan ya mutu. Kuma Manzon Allah (S) ya fassara mana giba a hadisin da Muslim ya ruwaito: ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Idan abin yana tare da shi, ka yi gibarsa. Idan ba ya tare da shi, ka yi masa ƙage. Ka ga ke nan wannan hujjar tamu ta "ai gaskiya na faɗa" ta faɗi tun daga nan.

JARIN TALAKA SUNANSA

Akwai wani abu da nake so mu tsaya mu duba da kyau, domin shi ne ya sa gulma a lokacin tsanani ta fi gulma a lokacin yalwa muni.

Ku gaya mini, da me talaka yake rayuwa a garin nan? Ba banki ke ba shi bashi ba. Mai shago ne yake auna masa mudun gari ya rubuta a littafi, sai ƙarshen wata. Mai kemis ne yake ba shi maganin zazzaɓin yaro ya ce ya kawo kuɗin in ya samu. Mai mashin ne yake miƙa wa saurayi makulli ya yi kabu-kabu, ya kawo balas da yamma. Mata ne suke sa matarsa a adashi. Maƙwabci ne yake ba shi aron gona ko aron shanun huɗa. Duk waɗannan babu takarda, babu lauya, babu jingina. Abu ɗaya ne ya riƙe su: yarda. An san wane ba ya cin amana. Shi ke nan jarinsa.

Ko a al'adar ƙasar nan haka abin yake tun kaka da kakanni. Aikin gayya da muka sani, da golmo na Dakarkari, inda samari kan haɗa ƙarfi su yi noma a gonar surukan ɗayansu, sannan a koma ta na wani, shekara da shekaru, me ya riƙe su? Kowa ya yarda cewa in ya yi wa ɗan'uwansa yau, gobe za a yi masa.

To ranar da ka zauna a majalisa ka ce, "Wane ai ba ya biyan bashi," ko "Wane hannunsa ba shi da kyau," kai a wurinka hira ce, ka tashi ka karkaɗe rigarka. Amma maganar ta riga ka isa wurin mai shago. Gobe ya aiki yaronsa da kwano, a ce babu. Mai kuɗi in ka ɓata sunansa, zai ji zafi, amma zai ci tuwonsa da dare. Talaka in ka ɓata sunansa, tukunyar gidansa ka kife. Hausawa suka ce baki shi ke yanka wuya, kuma a wannan zamani wuyan wani yake fara yankawa kafin na mai shi.

Kuma akwai kalmar da ta fi duk waɗannan haɗari a yankinmu yau, kun san ta: "infoma". Wannan kalma in ta manne wa mutum, ba bashi kaɗai zai rasa ba, ransa ma yana iya tafiya. In kuna son ku ga inda ji-ta-ji-ta take kai mutane, ku tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, a cikin azumi. Mafarauta ne 'yan jihar Kano suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah. Aka tare motarsu, aka ga bindigogin farauta, wani ya ce masu satar mutane ne. Kafin a bincika, an kashe mutum 16. Duk Arewa muka yi kuka, muka ce zalunci ne, kuma zalunci ne. To amma mu tambayi kanmu: abin da aka yi musu da duka da wuta, ba shi muke fara yi wa baƙon da ya gudo cikinmu da baki ba?

LAIFIN DA NA YI

Na ce muku ina da tabo. Akwai wani bawan Allah da ya gudo daga ƙauyensu da iyalinsa, ya samu ɗaki a unguwarmu, yana tura kurar ruwa. Mutum ne marar yawan magana. Wata rana muka gan shi da babbar waya sabuwa, yana keɓewa gefe yana amsa kira. Sai wani a majalisarmu ya ce, "Ɗan garuwa da irin wannan waya? Ku dai bi a hankali." Muka yi dariya. Ni kuma da na je wata majalisar, sai na maimaita, har na ƙara da cewa kullum a ɓoye yake waya. Wallahi ban yi nufin cutar da shi ba, daɗin baki ne kawai.

Ba a yi sati biyu ba, gidaje suka daina sayen ruwansa. Mai ɗakin ya ce yana bukatar ɗakinsa. Yaran unguwa suka fara jifar 'ya'yansa da wannan kalma. Da asuba ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar. Daga baya muka samu tabbaci cewa ƙaninsa da ke aikin ƙarfi a Kudu ne ya aiko masa da wayar don ya riƙa turo masa kuɗin abinci ta cikinta, kuma keɓewar da yake yi, kunya ce ta kada a ji shi yana roƙon ƙaninsa.

Na neme shi har na same shi, na gaya masa abin da na yi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, na yafe maka. Amma ɗakin fa?" Ban sami amsar da zan ba shi ba. Magana zarar bunu ce, 'yan uwa, in ta fita ba ta komawa.

DARASI DAGA GIDAN ANNABTA

Wannan cuta ko Madina ba ta bari ba, kuma a can ne za mu samo maganinta. Kun san ƙissar ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha (RA) a hanyar dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ. Ta tsaya neman sarƙarta, ayari ya tafi ya bar ta bisa rashin sani, Safwan bin Mu'aɗɗal (RA) ya iske ta, ya ɗora ta a raƙuminsa ya jawo har suka cim ma runduna. Iyakar abin da ya faru ke nan. Shugaban munafukai, Abdullahi bin Ubayyu, ya ɗauki wannan ya gina ƙarya a kai.

Abin lura shi ne, munafuki ne ya ƙirƙira, amma ba munafukai kaɗai suka yaɗa ba. Mutanen kirki sun faɗa ciki: Hassan bin Sabit, mawaƙin Manzon Allah (S), da Hamnatu bintu Jahsh, da Misɗahu bin Usasa wanda ya halarci Badar. Kusan wata guda Madina tana cikin wannan fitina, har Aus da Khazraj suka kusa ba hammata iska a cikin masallaci. Sannan Allah ya saukar da ayoyi goma a Suratun Nur, daga ta 11 zuwa ta 20, ya wanke ta. A cikinsu ya zargi muminai da karɓar magana daga harshe zuwa harshe ba tare da sani ba, suna ɗaukar abin ƙarami alhali a wurinsa babba ne. In sahabin da ya je Badar bai tsira ba, ni da kai su wane ne da za mu ce mun fi ƙarfin wannan?

Amma akwai waɗanda suka tsira, kuma ya kamata mu san yadda suka yi. Abu Ayyub Al-Ansari (RA) da matarsa sun auna abin da kansu: in mu ba za mu aikata haka ba, to A'isha da Safwan sun fi mu, ba za su aikata ba. Nana Zainab bintu Jahsh (RA) kuwa kishiya ce, ita ce ma take gogayya da Nana A'isha, ga 'yar'uwarta Hamnatu tana cikin masu yaɗawa. Da aka tambaye ta, ta tsare jinta da ganinta, ta shaidi alheri kawai.

Sai kuma wurin da ya fi shafar halin da muke ciki. Shi Misɗahu talaka ne, ɗan gudun hijira ne, kuma dangin Sayyidina Abubakar (RA) ne. Abubakar ne yake ciyar da shi. Ku duba fa: mutumin da kake ciyarwa, shi ne ya sa baki a ɓata sunan 'yarka. Da gaskiya ta bayyana, Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba. Wane ne a cikinmu zai ga laifinsa? Amma sai aya ta 22 ta sauka, tana hana masu falala da yalwa rantsuwa a kan yanke taimako ga dangi da miskinai da masu hijira, tana kiran su ga yafiya, tana kwaɗaitar da su gafarar Allah. Nan take Abubakar ya mayar wa Misɗahu da abin da yake ba shi, ya kuma yi alkawarin ba zai sake yankewa ba.

Wato ke nan Allah bai yarda a hukunta mai laifin baki da yunwa ba. To ina ga wanda bai yi laifin komai ba, mu ne muka sa shi yunwa da bakinmu?

IN AKWAI GASKIYA FA?

Na san wani zai ce, "To ai infoma na gaske suna nan, masu cin amanar tallafi ma suna nan, sai mu yi shiru?" A'a. Malamai irin su Imam Gazali a Ihya'u da Imam Nawawi a Riyadus Salihin sun kawo wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum. Daga ciki akwai wanda aka zalunta ya kai kuka ga mai iko, da neman taimako don kawar da ɓarna, da gargaɗin wanda zai ƙulla aure ko kasuwanci da mutum. Amma ku lura, duk magana ce da ake kai wa wanda zai iya gyara, gwargwadon bukata, bisa abin da ka tabbatar. In ka ga abu da idonka, ga mai unguwa, ga hakimi, ga liman, ga jami'an tsaro. Teburin mai shayi ba kotu ba ne, zauren WhatsApp ma ba kotu ba ne. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umurce mu da bincike kafin mu cutar da mutane bisa jahilci mu zo muna nadama. Kuma ya zo a hadisi cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Tura saƙon da ba ka tabbatar ba yana cikin wannan, ko da yatsa ka yi ba da baki ba.

ABIN DA ZA MU YI

Wani kuma zai ce, "Ni ba ni da abin da zan bayar, Abubakar mai dukiya ne." To saurara. Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah (S) ya yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa. Su in guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalinsu ya yi ƙaranci a Madina, sai kowa ya kawo ɗan abin da ya rage masa, a tara a mayafi ɗaya, a raba daidai da kwano ɗaya. Saboda wannan hali Manzon Allah (S) ya danganta su da kansa. Ba masu kuɗi ba ne, masu ƙarancin abinci ne. Haka a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan hijira, da fari ya koro mutanen ƙauyuka suka cika Madina, Sayyidina Umar (RA) bai tsaya tuhumar su ba. Tukwane ya sa aka ɗora, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har sai da jama'a suka samu sauƙi.

Saboda haka ina roƙon mu ɗauki abubuwa huɗu daga wannan zama.

Na ɗaya, kowace majalisa ta sa wa kanta doka: ba a ambaton wanda ba ya nan sai da alheri. In an fara, ɗaya ya ce a bari. In an ƙi, ya tashi. Za a yi maka ba'a kwana biyu, daga baya kai za a riƙa ba amana.

Na biyu, mu mai da tambayarmu. Maimakon "ina wane ya samu?", mu riƙa tambayar "wane ne bai samu ba?" Bin diddigin da muka iya, mu yi shi a kan gidan da hayaƙi bai tashi ba yau.

Na uku, majalisar da ke da mutum 10, in kowa ya ajiye N100 ranar Juma'a, N1,000 ke nan a sati. Ba za ta kashe talauci ba, amma za ta sayi abin koko ga marayu, ko maganin yaro. Wanda ba shi da N100 yana da ƙarfi: ya ɗebo wa tsohuwa ruwa, ya yi wa ɗan gudun hijira jagora wurin mai ba da aiki, ya tsaya masa shaida wurin mai shago. Kuma garin nan muna zaune da maƙwabta Kirista da masu bin al'ada, haƙƙin maƙwabtaka ya haɗa da su, harshenmu da hannunmu su zama aminci gare su.

Na huɗu, wanda ya san ya ɓata sunan wani, ya tuba, ya nemi yafiya in hakan ba zai ƙara ɓarna ba, sannan ya koma majalisar da ya yi ɓatancin ya gyara da bakinsa. Wannan na ƙarshen ya fi wuya. Na yi shi, na san ɗacinsa, amma ya fi sauƙi a kan na gobe ƙiyama.

Domin Manzon Allah (S) ya gaya mana wane ne matsiyaci na haƙiƙa. Shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, ya ci dukiyar wannan. Sai a riƙa ɗibar ladansa ana biyan su, in ya ƙare a ɗebo zunubansu a jibga masa. 'Yan uwa, mun rasa a nan saboda tsada, kada kuma mu je can mu tarar mun rabar da ɗan abin da muka tara a teburin mai shayi.

Allah ya kawo mana sauƙin wannan hali. Allah ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu da gonakinsu lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Allah ya tsare harsunanmu, ya sanya albarka a ɗan abin da ke hannunmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, malamai su gyara mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.